Mbps 150 a Jikin Kwali, Fim Ɗaya a Minti Arba'in da Biyar

Mai karatu, idan akwai kwalin ƙaramar na'urar MiFi ko rauta kusa da kai, ɗauko ka duba jikinsa. Da wuya ka rasa inda aka rubuta 150Mbps da manyan baƙaƙe. Wannan adadi ne ya haɗa ni musu da ƙanena a hutun da ya wuce.

Ɗan kawuna ne, yana da ɗan shago a garinmu da ke ƙasar Bichi. Cajin waya yake yi, da POS, da turin fina-finai da karatuttukan malamai a memori. Bayan kaka ya fitar da buhun gero ɗaya ya sayar, ya sayo na'urar da datar wata guda, don ya huta da shiga birni duk mako ɗauko sababbin fina-finai. Lissafinsa mai sauƙi ne: fim ɗaya MB 700, na'ura tana jan 150 a daƙiƙa, kenan kafin daƙiƙa biyar an gama. Da na je bayan sallar isha'i na tarar ya tasa waya a gaba, sai da fim ɗaya ya cinye minti arba'in da biyar. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ku da kuka yi boko, fisabilillahi wannan ba cuta ba ce?"

Na ce masa babu ƙarya a jikin kwalin, shi ne bai iya karanta shi ba. Tun da na koma makaranta nake juya maganar, kuma yanzu ina ganin ya fi ni gaskiya. Amsar da na ba shi ita ce amsar da mu masu bayanin kimiyya muka saba bayarwa, kuma ita nake son mu tuhuma a yau.

Ga amsar. Ƙaramin harafin b yana nufin bit, babban B yana nufin bayit, kuma bit takwas ke yin bayit ɗaya. Gudun layi da bit ake auna shi, girman fim ko hoto da bayit. Saboda haka Mbps 150 ba MB 150 ba ce, sai ka raba da takwas, ka samu MB 18.75 a daƙiƙa. Duk wani jadawalin juya ma'auni da za ka buɗe abin da zai yi maka kenan, kuma lissafinsa daidai ne. To amma ɗora fim ɗin ƙanena a kai. MB 700 a gudun 18.75 daƙiƙa 37 ne. Shi kuwa daƙiƙa 2,700 ya jira. Rabawa da takwas ta kai mu daga daƙiƙa biyar zuwa 37, ta bar mu da giɓi mai ninki sama da saba'in wanda ba ta ce komai a kansa ba. Mun koya wa mutum bambancin ƙaramin harafi da babba, mun tafi muna jin mun wayar da shi.

Don a ga inda sauran ya maƙale, sai mun bar wayar hannu mun koma manyan layukan da ke bayan ƙarfen sabis, waɗanda ke ɗauke da kiran gari guda ko na jiha guda. Alƙalumansu suna da ban mamaki in ka fara ganinsu: 2.048, 155.52, 622.08. Ba a ka aka zaɓe su ba, duk daga muryar ɗan'adam suka samo asali.

Injiniyoyin tarho sun tsara cewa a riƙa ɗaukar samfurin muryar mai magana sau 8,000 a kowace daƙiƙa, kowane samfur a rubuta shi da bit takwas. Ka ninka, ka samu bit 64,000 a daƙiƙa. Wannan shi ne gurbin kira ɗaya, kuma shi ne kwanon awon duk tsarin. A Turai aka haɗa gurbi 32 a layi ɗaya aka kira shi E1, wato Mbps 2.048. Gurbi biyu daga ciki ba sa ɗaukar muryar kowa: ɗaya yana daidaita tafiyar layin, ɗaya yana kai saƙonnin haɗa kira da yanke shi. Saura 30. Amurka ta bi tata hanyar, gurbi 24, ta kira nata T1 mai Mbps 1.544. Najeriya tsarin Turai ta ɗauka, shi ya sa tsofaffin ma'aikatan NITEL da E1 suke magana. Da GSM ya shigo a 2001, da irin waɗannan layukan aka riƙa haɗa ƙarafan sabis da cibiyoyinsu, galibi ta iska.

Juya E1 zuwa ma'aunin da ka sani: KB 256 a daƙiƙa. Giga ɗaya zai ɗauki kusan minti 65. Fim mai MB 700 kuwa minti 45 da 'yan daƙiƙoƙi. Ka ga abin da ya faru? Na'urar da aka rubuta wa 150 ta ba ƙanena, a wannan daren, daidai abin da E1 guda ke iya ɗauka.

Mataki na sama shi ake kira STM-1, wanda Amurkawa ke ce wa OC-3. Ka ɗauke shi kamar gona mai kunya tara, kowace kunya da rami 270, kowane rami da bayit ɗaya. Bayit 2,430 kenan. Ana aika irin wannan gona sau 8,000 a daƙiƙa, adadin nan dai na murya. Ninka 2,430 da 8,000 da takwas, za ka samu bit 155,520,000, wato Mbps 155.52. Huɗunsa shi ne STM-4 mai 622.08, sha shidansa STM-16 mai 2,488.32. Jadawali zai ce maka STM-1 daidai yake da MB 19.44 a daƙiƙa.

A nan ne abokan karatuna suke kawo amsa ta biyu, wadda ta fi ta farko kama da ta masana. Sukan ce 155.52 dami ne, ba tsaba ba, sai an sussuka an sheƙe. Gaskiya ne. Rami tara na farkon kowace kunya na kula da layin ne, ba na kayanka ba, sannan akwai ƙarin rami ɗaya na lura da hanyar da kayan suka bi. Saura 260, wanda ya ba da Mbps 149.76, ko MB 18.72. Bayan haka intanet ma tana cire nata. Fim ɗinka a ƙunshi-ƙunshi yake tafiya, kuma a cikin ƙunshi mai bayit 1,500, aƙalla 40 adireshi ne da lambar jeri. Sai ka sauko wajen MB 18.2. Amma duba da kyau, daga 19.44 zuwa 18.2 kashi shida ne kacal cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya san ƙaiƙayin gero ya fi haka nesa ba kusa ba. Haka ita ma rigimar ko giga bayit 1,000,000,000 ne ko 1,073,741,824, bambancin kashi bakwai ne da ɗoriya. Waɗannan ƙananan ramuka ne. Mutumin da ya yi asarar ninki saba'in, ka zo kana yi masa bayanin kashi shida, ka nuna iliminka ne kawai.

Tambayar da babu jadawalin da ke yi ita ce, mutum nawa za su ci damin?

STM-1 ɗaya yana ɗaukar E1 guda 63. Kowanne kira 30, kenan mutum 1,890 suna magana a lokaci guda babu mai jiran wani. A zamanin murya wannan babban layi ne, na haɗa birni da birni. Yanzu ka ce kowane mutum a ba shi Mbps 10. Layin nan bai cika mutum goma sha biyar ba. Ka ce bidiyo suke kallo a matakin 720p, wanda YouTube ke cewa yana buƙatar kusan Mbps 2.5, sai ya ɗauki wajen mutum sittin. Daga 1,890 zuwa sittin, layin bai canja ba, abin da muke ɗora masa ne ya canja. Kuma ka lura da abin dariyar: 150 ɗin da ke jikin kwalin ƙanena kusan daidai yake da duk kayan da STM-1 ke ɗauka. An rubuta wa mutum ɗaya a shago adadin da a da ake raba wa birni.

Ba na cewa STM-1 ne ke bayan ƙarfen garinmu. Wannan tsari ya tsufa, ƙarafan 4G na yanzu da layukan intanet kai tsaye ake haɗa su, wasu ta wayar faiba, wasu ta iska. Lissafin rabon dai bai canja ba. In ka bi hanyar Kano zuwa Bichi, ko ta Dambatta, ɗaga kai ka dubi ƙarfen sabis. Dogayen fararen allunan da ke can sama su ke magana da wayarka. Mai kama da ganga ko faranti, wanda ya fuskanci gefe guda, shi ke magana da wani ƙarfen a nesa. Inda faiba ba ta kai ba, ƙarfe ne ke miƙa wa ƙarfe har a isa inda take, kuma duk wanda ke kan layin daga rabo ɗaya yake sha. Manoman rani na Watari a Bagwai ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Yawan ruwan da ke cikin dam daban, abin da ke isa gonar da ke ƙarshen kwata daban, musamman ranar da kowa ya buɗe tasa. Da damina kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana siginar da ke tsakanin farantan nan, shi ya sa wani lokaci sabis ke tafiya tare da hadari.

Ita kanta 150 ɗin tana da sharuɗɗan da ba a rubuta su da manyan baƙaƙe ba. Iyakar abin da irin wannan na'ura za ta iya karɓa ce, idan kamfani ya ware zango mai faɗin megahaz 20, sigina ta zo da ƙarfi ta eriya biyu, kuma babu kowa a wannan ɓangaren ƙarfen sai kai. Sharaɗin ƙarshen nan, a ƙasar Bichi bayan isha'i, ko a gari ranar kasuwa, mafarki ne.

In za a yi adalci, raba layi ba zamba ba ce. Ba kowa ke jan data a daƙiƙa guda ba. Mai karanta saƙon WhatsApp ya ja kaɗan ya tsaya, mai POS 'yan kilobayit yake aikawa. Da za a ware wa kowa layinsa shi kaɗai, da babu talakan da zai iya sayen data. Kamfani yana da hujjar sayar wa mutum ɗari abin da zai ishi ashirin a lokaci guda. Abin da ba shi da hujja shi ne a ɓoye adadin da aka raba, a buga na wanda ba a raba ba.

Manyan alƙaluman da jaridu ke so ma wannan cutar ke damunsu. A watan Afrilun 2022 wayar ƙarƙashin teku ta Google mai suna Equiano ta sauka a Legas, aka yi ta maimaita cewa tana iya ɗaukar terabit 144 a daƙiƙa. Raba da takwas, giga 18,000 kenan a kowace daƙiƙa, adadin da ke sa mutum ya riƙe baki. Yanzu raba shi ta wata fuskar, tsakanin mutum miliyan 200: kowa ya tashi da Mbps 0.72. Duka lissafin biyu daidai ne, kuma babu wanda ya gaya maka abin da za ka samu. 144 ɗin iyakar abin da aka ƙera wayar ta ɗauka ne in an kunna ta gaba ɗaya, kuma ba ta Najeriya kaɗai ba ce, daga Fotugal ta taso har Afirka ta Kudu, ta ratsa Togo da Namibiya. Daga gaɓar Legas zuwa Kano kuma akwai tafiyar kusan kilomita dubu a ƙasa, sannan daga Kano zuwa ƙarfen garinku. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS, mun ji a jikinmu cewa teku tana da muhimmanci. Amma a sauran ranakun shekara, abin da ke hana fim ɗin ƙanena sauka yana cikin kilomitocin ƙarshe ne. Haka nake kallon shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024. Aiki ne da ake buƙata, amma kilomita ma'aunin tsawo ne, ba ya juyuwa zuwa megabit sai an faɗi ƙarafa nawa za a sauke daga kan iska a ɗora a kan wayar.

Takardar da ta fi kusa da faɗin abin da ya dace ita ce tsarin faɗaɗa intanet mai sauri na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa. Ya yi alƙawarin aƙalla Mbps 25 a birane da Mbps 10 a karkara, da giga ɗaya a kan kuɗin da bai wuce naira 390 ba. Na yaba masa da ya sa adadi, kuma ya ce "aƙalla" maimakon "har zuwa". Juya shi: Mbps 10 shi ne MB 1.25 a daƙiƙa, fim ɗin ƙanena a minti tara da 'yan kai, giga ɗaya a minti goma sha uku da daƙiƙa ashirin. Wannan alƙawari ne da mai shago zai iya riƙe agogo ya gwada. Sai dai adadin da ya fi yawo a labarai wani ne daban, wato kason 'yan ƙasa da aka ce intanet mai sauri ta kai gare su, wanda aka so ya kai kashi 70 cikin ɗari, kuma har ƙarshen 2024 bai kai 50 ba. Wannan adadi layukan waya yake ƙirgawa. Ƙanena da ke samun Mbps biyu yana ciki, an ƙirga shi cikin waɗanda aka gama da su. Farashin kuwa, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara har kashi 50.

Akwai kuma abin da kalmar "karkara" ke ɓoyewa, kuma ya shafe mu kai tsaye. In an ce karkara, abin da ke zuwa ran mai tsara layi shi ne fili mai faɗi da gidaje jefi-jefi, inda matsalar ita ce sigina ta isa. Ƙasar da ke kewaye da Kano ba haka take ba. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi ta rubutu a kan wannan yanki saboda cunkoson jama'arsa: gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye, ana noma ƙasa duk shekara ba a barinta ta huta. Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir, Dambatta, duk haka abin yake ko kusa da haka. A irin wannan wuri sandunan sabis za su iya cika a fuskar wayarka, taswira ta nuna an rufe yankin da 4G, amma bakunan da ke kan ƙarfe ɗaya sun yi yawa. Sandunan nan ƙarfin sigina suke nunawa, ba sa nuna rabonka.

Wasu ƙasashen sun taɓa wannan matsala ta hanyar da ba ta buƙatar sabuwar fasaha. A Burtaniya, tun watan Mayun 2018, mai tallan intanet na gida ba ya buga gudun da ya ga dama. Sai wanda aƙalla rabin masu sayensa ke samu a lokacin cunkoso, ƙarfe takwas zuwa goma na dare. A Amurka, daga Afrilun 2024, an wajabta wa manyan kamfanoni su liƙa wata takarda mai kama da ta jikin kayan abinci, mai nuna farashi da gudun da aka saba samu. Ba sai mun kwafe su harafi da harafi ba. Amma mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda a ce masa buhun "har zuwa" kwano arba'in ne, sai an juye an auna a gabansa. Abin da nake so in gani a jikin kwali da allon talla shi ne gudun da rabin masu saye ke samu da dare, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a rubuce da MB a daƙiƙa, ma'aunin da ake sayar mana da data da shi. Kamfanonin suna da waɗannan alƙaluma, kowane ƙarfe yana ba su rahoton abin da ya ɗauka.

Kafin nan, akwai juyi ɗaya da ya fi rabawa da takwas amfani a aljihunka. Mbps ɗaya, in ya ɗore awa guda, MB 450 ne. Bidiyo a 720p yana cin sama da giga ɗaya a awa, a 480p kusan rabin giga. Kuma manhajojin bidiyo da kansu suke ɗaga matakin hoto in sun ga layi ya buɗe, shi ya sa mutum kan ga datarsa ta fi saurin ƙarewa a ranar da sabis ya yi kyau. In kana son sanin rabonka na gaskiya, sauke fayil ɗin da ka san girmansa, ka duba agogo, ka raba MB da daƙiƙoƙi, ka ninka da takwas. Yi sau ɗaya bayan isha'i, sau ɗaya bayan asuba, a wuri ɗaya, da waya ɗaya.

Mun yi wannan gwaji da ƙanena kafin in dawo. Bayan asuba, a shagon nan, da na'urar nan, fim mai girman na jiya ya sauka cikin minti bakwai, wajen Mbps 13 kenan. Yanzu kafin gari ya waye yake yin turin ranar, ya bar dare ga masu caji. Kwalin yana nan a kan kanta, a ciki yake tara rasiɗan POS.